Taurarin da Suka Dushe da Wuri: Me Ke Hana Gwanayen Yara Kaiwa Gaci a Ƙwallo?

 A wannan fitowa, mu 'yan Kulob ɗin 'Yan Jarida mun ɗauko batun da ya shafi kusan kowane aji a makarantar nan.

Da wuya ka ratsa wata unguwa a Gaya ko Ajingi bayan sallar La'asar ba ka ga ƙura na tashi a filin ƙwallo ba. Daga Kademi zuwa Shagogo, daga Toranke zuwa Balare, kowane gari yana da yaron da ake nunawa a ce, "Wannan sai Turai." Har suna ake canja masa, wannan Messi, wancan Ronaldo. A cikinmu ma akwai waɗanda suka riga suka yanke wa kansu hukunci cewa littafi na wasu ne, su ƙafarsu ce za ta ciyar da su. Ba mu zo don mu kashe wa kowa gwiwa ba. Abin da muke so shi ne mu duba labarin waɗanda suka fi duk wani gwanin unguwa iya ƙwallo, waɗanda suka ɗauki kofin duniya tun suna yara, mu ga inda yawancinsu suka tsaya da kuma dalilin tsayawar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kofi biyar a hannun yara

Nijeriya ta ɗauki Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar. Ta ci na farko a 1985 a ƙasar Sin, lokacin ana kiran gasar ta 'yan ƙasa da shekara 16, inda ta doke Jamus ta Yamma da ci 2-0. Ta sake ɗauka a 1993 a Japan, a 2007 a Koriya ta Kudu, a 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sannan a 2015 a Cile. Ta kuma zo ta biyu sau uku, a 1987 da 2001 da 2009. Wannan ƙungiya ita ce ake kira Golden Eaglets.

To amma babbar ƙungiyarmu, Super Eagles, ba ta taɓa wuce zagayen ƙasashe 16 ba a Kofin Duniya na manya. Tambayar da ya kamata kowane mai son ƙwallo ya yi ita ce: ina yaran suke shiga tsakanin shekara 17 da shekara 25?

'Yan 2007 da ɗan Kano mai lamba 10

A ranar 9 ga Satumba, 2007, a birnin Seoul, Golden Eaglets ta tashi canjaras da Sifaniya, babu ci, sannan ta yi nasara 3-0 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Kocin da ya kai su, Yemi Tella, ya yi aikin ne yana fama da ciwo, kuma ya rasu makonni kaɗan bayan dawowarsu gida.

Mai lamba 10 a wannan ƙungiya ɗan Kano ne, Rabiu Ibrahim. Yadda yake riƙe ƙwallo da yadda yake raba ta ya sa jaridu suka riƙa kiransa magajin Jay-Jay Okocha. Sporting ta Fotugal ta ɗauke shi, amma bai samu gurbi a babbar ƙungiyarta ba. Ya koma Holan, ya zauna a Telstar da PSV. A 2012 ya je Celtic ta Sikotilan, inda kusan duk zamansa ya ƙare a benci, daga nan ya koma Kilmarnock. Sai da ya isa Sulobakiya, a Trencin da Slovan Bratislava, sannan ya samu wurin zama na gaske, har ya ɗauki kofin lig. Ya ci abinci da ƙwallo, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai wasannin da ya buga wa Super Eagles ba su kai goma ba, alhali shi aka sa ran zai gaji rigar Okocha.

Macauley Chrisantus ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, guda 7. Hamburg ta Jamus ta saye shi, amma ita ma ba ta ba shi wuri a babbar ƙungiya ba, sai aro ta yi ta ba da shi ga kulob-kulob na rukuni na biyu. Daga baya ya zaga Sifaniya, Turkiyya, Girka da Finlan. Kyaftin ɗinsu, Lukman Haruna, ya fi su saurin tashi: ya buga wa Monaco, ya je Kofin Duniya na manya a 2010 yana ɗan shekara 19, ya koma Dynamo Kyiv a 2011. Daga nan tauraronsa ya fara dushewa, aro bayan aro, har aka daina jin sunansa a Super Eagles.

Yanzu ku dubi waɗanda suka sha kashi a hannunsu. Golan Sifaniya a wasan ƙarshe shi ne David de Gea, wanda ya tsare ragar Manchester United shekara 12. A wasan kusa da na ƙarshe Nijeriya ta doke Jamus 3-1, kuma a cikin waɗanda aka doke akwai Toni Kroos. Kroos ya ɗauki Kofin Duniya na manya a 2014, ya kuma ɗauki Kofin Zakarun Turai sau shida kafin ya rataye takalminsa a 2024.

Gasar da ta zo har Kano

A 2009 Nijeriya ce ta karɓi baƙuncin gasar, kuma filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana cikin filayen da aka yi amfani da su. Yayyenmu da suka je kallo sun ga yaran Sifaniya da idonsu, a cikinsu akwai Isco da Koke da Morata. A lokacin ba wanda ya san su sosai.

Wanda duniya ta zaɓa gwarzon wannan gasa shi ne Sani Emmanuel na Nijeriya, wanda ya ci ƙwallo 5 duk da cewa yawanci daga benci yake shigowa. Shi ya zura biyu a ragar Sifaniya a wasan kusa da na ƙarshe. A gasar nan har da Neymar da Coutinho, kuma Barazil ɗinsu tun a zagayen rukuni ta koma gida. Lazio ta Italiya ta ɗauki Sani Emmanuel, bai kai ga babbar ƙungiyar ba, ya koma ƙananan kulob a Suwizalan da Suwidin, sannan aka daina jin ɗuriyarsa tun yana da sauran ƙuruciya. Suwizalan da ta doke mu 1-0 a wasan ƙarshe a Abuja kuwa ta fitar da Granit Xhaka, wanda ya zama kyaftin ɗin ƙasarsa. Shi ma Morata da ya taka leda a Kano ya ɗaga Kofin Nahiyar Turai a 2024 a matsayin kyaftin ɗin Sifaniya.

2013 da 2015

Ƙungiyar 2013 ta koci Manu Garba ta doke Mekziko 3-0 a wasan ƙarshe. Kyaftin ɗinta, Musa Muhammed, shi ma ɗan Kano ne, kuma shi ya ci ƙwallo ta uku da bugun tazara. A 2015 ya sake jagorantar Flying Eagles suka ɗauki kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 a Senegal. Basaksehir ta Turkiyya ta saye shi, sannan ta tura shi aro Bosniya da Bulgeriya, daga baya ya koma Kuroshiya. Daga cikin 'yan wannan ƙungiya, Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi sun kai Firimiyar Ingila, amma yawancin sauran ba su kai inda aka zata ba.

A 2015 gwarzon gasa shi ne Kelechi Nwakali. Arsenal ta ɗauke shi a 2016, amma har ya bar ta a 2019 bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Ta tura shi aro Holan da Fotugal, daga nan ya koma Huesca ta Sifaniya.

Ba yau abin ya fara ba. Philip Osondu, gwarzon gasar 1987 a Kanada, ya tafi Anderlecht ta Beljiyam da babban suna, bai samu wuri a can ba, kuma a ƙasar ya rasu a 2019 ba tare da ya zama abin da aka yi tsammani ba.

To me ke kawo haka? Mun tattara dalilai bakwai.

Na ɗaya: ƙofar ƙarama ce

Mu fara da lissafi, tunda a makaranta muke. Kowace ƙungiyar Golden Eaglets tana tafiya gasa da yara 21. A shekarun da muke magana a kai, duk bayan shekara biyu ake gasar. Ke nan a cikin shekara goma za a iya fitar da yara 105. Super Eagles kuwa gurbin mutum 23 zuwa 26 gare ta, kuma wanda ya samu gurbi yakan riƙe shi shekara takwas ko goma. Ga kuma waɗanda ba su bi ta Golden Eaglets ba, ga 'ya'yan 'yan Nijeriya da aka haifa a Turai, duk gurbin nan suke nema. Ko da kowa ya yi komai daidai, yawanci ba za su shiga ba. Idan haka lamarin yake ga yaran da aka tace daga faɗin ƙasa, sai mu auna yadda yake ga gwanin gari guda.

Na biyu: rage shekaru

Wannan magana ce mai ɗaci amma dole a faɗe ta. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, kuma ƙasar ta rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Tun daga 2009 FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen duba tsintsiyar hannu. A ƙarshen ƙashin hannun yaro akwai wurin da ƙashi ke ƙara tsawo. Idan hoton ya nuna wurin ya gama haɗewa, galibi mutum ya wuce shekara 17. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Golden Eaglets sun faɗi wannan gwaji, kuma Jamhuriyar Nijar ta fitar da ragowar daga wasannin share fage, a lokacin da kofin duniya ke hannunmu.

Ba mu ce wani daga cikin waɗanda muka ambata a sama ya rage shekarunsa ba. Muna bayanin yadda abin yake cutar da mai yinsa ne. Ɗan shekara 22 da ya shiga cikin 'yan 16 dole ya fi su ƙarfi da gudu da wayo, sai a ce gwani ne. Kulob ɗin Turai ya saye shi da tunanin yana da sauran shekara biyar na girma da koyo, alhali ya riga ya gama. Bayan shekara uku yaran da ya fi sun kamo shi sun wuce. Lokacin da takarda ta ce ya kai 27, shekarun da ɗan ƙwallo ke kan ganiyarsa, jikinsa ya haura 30, gwiwa ta fara ciwo. Ya kuma tare wa yaro na gaske hanya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku: gaggawar fita da dillalan bogi

Dokar FIFA, sashe na 19 na ƙa'idojin sauya sheƙa, ta hana kai yaro wata ƙasa buga ƙwallo kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi, misali idan iyayensa ne suka koma can da zama saboda wani dalilin da ba na ƙwallo ba. Duk wanda ya zo ya ce zai fitar da ɗan shekara 15 zuwa kulob a Turai, to ko dai bai san doka ba, ko yana shirin karya ta. A 2021 FIFA ta hukunta Spezia ta Italiya saboda shigo da yara 'yan Nijeriya da ba su kai shekarun ba. A 2015 BBC ta ba da labarin yaran Afirka ta Yamma, yawancinsu 'yan Laberiya, da aka kwasa zuwa Laos da sunan makarantar ƙwallo, suka ƙare suna kwana a ƙasa a cikin filin wasa.

Salon dillalin bogi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Zai nuna hotonsa da wani fitaccen ɗan wasa a waya, ya kawo takardar gayyata mai tambarin kulob, sannan ya ce a kawo kuɗin fasfo da biza da tikiti kafin mako ya ƙare. A ƙasarmu ta manoma, wannan kuɗi daga ina zai fito? Daga sayar da sa, ko buhunan gero da gyaɗa, ko jinginar da gona. Ƙa'idar da za mu riƙe ita ce, kulob ɗin da ke son ɗan wasa da gaske shi ke kashe kuɗi a kansa. Idan aka ce kai za ka biya, ka tsaya ka yi tambaya.

Na huɗu: babban kulob, dogon benci

Ɗan wasa tsakanin shekara 18 zuwa 21 yana buƙatar buga wasan gasa duk mako, domin a fili ake koyon abin da atisaye ba ya koyarwa. Manyan kulob suna sayen yara da yawa, su ajiye, su ga wanda zai yi tsiro. Ga su, yaro guda da bai yi ba ƙaramar asara ce. Ga yaron kuwa rayuwarsa ce gaba ɗaya. A Ingila akwai ƙarin shinge: ɗan Afirka ba ya samun takardar izinin aiki sai ya cika wasu sharuɗɗa, kamar yawan wasannin da ya buga wa babbar ƙungiyar ƙasarsa. Shi ya sa yaro zai sa hannu a kulob ɗin Ingila, a ɗauke shi hoto da riga, washegari a tura shi aro wata ƙasa. Kowace shekara sabon koci, sabon yare, sabon abinci, sabon sanyi, kuma kocin da ya san yaron baƙo ne mai tafiya ba zai ɓata lokaci wajen gina shi ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Na biyar: rauni da ciwo

Jiki shi ne jarin ɗan ƙwallo, kuma yana iya karyewa a rana ɗaya. Abdullahi Nura, mai tsaron baya da Roma ta Italiya ke alfahari da shi a ƙungiyar matasanta, ya bar ƙwallo a 2019 yana ɗan shekara 21 bayan likitoci sun gano matsala a zuciyarsa. Shi an gano da wuri. Samuel Okwaraji bai samu wannan sa'a ba: ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasa da Angola, kuma bai tashi ba, yana ɗan shekara 25. Hatsarin hanya ma yana nan. A watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Lakwaja, suka raunata 'yan wasa biyar, ciki har da Gambo Muhammad, wanda ya je gasa da Super Eagles a Barazil a 2013.

A nan gida, filayenmu ƙasa ce mai tauri da tsakuwa, wasu na wasa babu takalmi, wasu da takalmin aro. Idan gwiwa ta gurɗe, sai a shafa man zafi a ɗaure, bayan kwana uku a koma fili. A cikin gwiwa akwai jijiyar da ke riƙe ƙasusuwa biyu. Idan ta tsinke, ɗori ba ya haɗa ta domin ba ƙashi ba ce, sai aikin tiyata da jinyar wata shida zuwa tara ko fiye. Wanda ya ci gaba da wasa a haka yana ƙara lalata gwiwar ne. Mafi muni shi ne shan ƙwaya don kashe ciwo ko ƙara kuzari. Tiramadol yana rufe ciwo ba ya warkar da shi, yana kama mutum ya kasa bari, kuma tun daga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Na shida: hali da nauyin jama'a

Sani Kaita ɗan Kano ne, daga Kano Pillars ya tafi Holan. Ya ci lambar azurfa a gasar matasa ta duniya a 2005, ya sake cin ta a wasannin Olamfik na 2008. A ranar 17 ga Yuni, 2010, Nijeriya na gaban Girka da ci ɗaya a Kofin Duniya, sai ya kai wa wani ɗan Girka ƙafa a bakin layi, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati. Aka tashi 2-1, Girka ta yi nasara. Zagin da ya sha ya wuce hankali, har da barazanar kisa, abin da bai dace a yi wa kowa ba a kan wasa. Ya nemi afuwa, amma bai sake komawa matsayinsa na da a Super Eagles ba. Daƙiƙa biyu na fushi suka rufe shekaru na aiki a idon mutane.

Akwai kuma nauyin gida. Da an ji yaro ya sa hannu a waje, dangi da abokai sai su ɗauka ya zama attajiri. Albashin farko bai shigo ba an riga an raba shi. Yaron da ke tsoron a ce ya gaza yakan karɓi duk kwantiragin da ya fi kuɗi yau, ko da a ƙasar da ba mai ganin wasansa.

Na bakwai: rashin karatu

Labarin Nii Lamptey na Gana ya isa darasi. Shi ne gwarzon gasar 1991, har Pele da kansa ya yaba masa a matsayin wanda zai iya gadonsa. Ya fara buga wa Anderlecht yana ɗan shekara 16, ya yi fice a PSV, ya je Aston Villa. Amma kamar yadda ya sha faɗa da bakinsa, bai iya karatu da rubutu sosai ba a lokacin, don haka yana sa hannu a takardun da bai san abin da ke cikinsu ba. Wakilinsa ya riƙa juya shi daga ƙasa zuwa ƙasa, kuɗi na tafiya inda bai sani ba. Da ya dawo gida, abin da ya gina shi ne makaranta a Akara, domin kada a yi wa wasu yara abin da aka yi masa.

Kwantiragi takarda ce, da Turanci ko wani yare ake rubuta ta, cike da lambobi da kaso-kaso. Darasin Turanci da na Lissafi da wasunmu ke gudu don zuwa fili, su ne za su kare su ranar da aka ajiye musu biro. Kuma karatu bai taɓa hana ƙwallo ba. Segun Odegbami ya karanta aikin injiniya, Adokiye Amiesimaka ya karanta shari'a, dukansu suna cikin waɗanda suka ɗaukar wa Nijeriya Kofin Afirka na farko a 1980. Okwaraji ma shari'a ya karanta a Italiya.

Waɗanda suka tsallake

Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015. Da ya je Wolfsburg ta Jamus bai ci ko ɗaya ba, ga rauni ga zazzaɓin cizon sauro, har wasu kulob biyu na Beljiyam suka gwada shi suka ƙi ɗauka. Ya yarda ya sauko zuwa Charleroi a 2018, inda zai riƙa buga wasa duk mako. Daga nan ya je Lille, ya je Napoli, ya ɗauki kofin lig na Italiya a 2023, aka kuma zaɓe shi gwarzon Afirka a shekarar.

Ahmed Musa bai buga Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 ba. A gida ya fara nuna kansa, ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa guda a Kano Pillars, sannan ya tafi VVV-Venlo, ƙaramin kulob a Holan, a 2010. Daga can ya je CSKA Moscow, ya je Leicester. Ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisilan biyu a 2018, ya kuma buga wa ƙasa wasa fiye da 100. Ga kuma Rabiu Ali, wanda 'yan Sai Masu Gida ke kira Pele, ya zauna a Pillars shekara da shekaru, ya ɗauki kofunan lig, ya yi suna da mutunci ba tare da ya yi yawon Turai ba. Abin da ya haɗa mutum ukun nan shi ne sun je inda za a sa su a wasa, sun hau tsani mataki-mataki.

Abin da ya rage gare mu

Ɗan uwa mai son ƙwallo, ga abin da muka tsinta daga waɗannan labarai.

Ka riƙe shekarunka na gaskiya. Takardar haihuwarka da ta firamare da ta jarrabawa su zama magana ɗaya.

Ka gama sakandare, ka rubuta WAEC ko NECO da niyyar ci. Ko ƙwallo ta karɓe ka, yawanci kafin shekara 35 an gama, sauran rayuwa kuma tana da tsawo. Jami'ar kimiyya da fasaha tana nan Wudil, ba nisa. Harkar wasa ma tana buƙatar masu ilimi: koci, alƙalin wasa, likitan 'yan wasa, lauya, da ɗan jarida irinmu.

Ka bi ta ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta da hanyar karɓar ko sisi, shi ma yaron ba shi da tarihin da wani kulob zai duba.

Kada ka sa hannu a takarda kai kaɗai. Ka kai wa mahaifinka da malamin wasanni, su nemi wanda ya san doka ya karanta.

Idan ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya ɗauke maka a fili, ko gwiwa ta kumbura ta ƙi saɓewa, ka je asibiti kafin ka sake taɓa ƙwallo.

Ga iyayenmu kuma, muna roƙo da ladabi: kada a sayar da gona ko dabba saboda takardar da aka nuna a waya. Ga mu 'yan kallo, mu rage zuga. Yaron da aka gaya wa ya fi kowa tun yana aji biyu yakan daina sauraron koci.

Ba mu kawo sunayen waɗannan 'yan wasa don mu yi musu dariya ba. Sun sa wa ƙasar nan riga, sun ɗaga kofin da miliyoyin yara ke mafarkinsa, kuma kowa da rabonsa. Sun riga mu bin hanyar ne, sawunsu ya nuna mana inda ramuka suke.

Duk mai ƙarin bayani ko ra'ayi, ya rubuta ya miƙa wa kowane ɗan kulob, za mu liƙa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu sa'ar karatu da ta wasa, amin.

Daga Sashen Wasanni, Kulob ɗin 'Yan Jarida.